Baban Majigi da Minti Huɗu na Shiru

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe, tun masu shara ba su gama da barandar asibitin ba, za ka ji ƙarar makullai a ƙofar ɗakin taro. Ba sai ka leƙa ba, Baban Majigi ne. Zai jingine lemarsa a bayan ƙofa ko da babu alamar hadari, ya buɗe tagogin hagu ya bar na dama a rufe, don ya ce hasken wancan ɓangaren yana cinye rubutu. Sannan ya yaye ƙyallen da yake lulluɓe majigin da shi. Ƙyallen nan tsohon labulen ɗakinsa ne, mai ɗakinsa ce ta yanke shi ta kalmashe bakin, kuma har gobe tana cewa na'urar ta fi ta samun kulawa. Shi dai murmushi yake yi, don ya san akwai ƙamshin gaskiya a maganar.

Aikinsa shi ne shirya shafukan da ake haskawa a bango idan likita ko nas ko wani shugaba zai yi bayani a gaban mutane. Da tafireta ya fara, yana buga takardun ofis. Ya ga zamanin da ake rubutu a kan farar leda a ɗora kan gilashi, ya ga zuwan kwamfuta, ya koye ta da kansa yana da furfura a gemu, da yatsu biyu kacal, kuma da su yake aiki har yanzu. Ƙarshen wannan watan zai ajiye aiki bayan shekara ashirin da tara. A duk tsawon lokacin nan an tafa wa mutane da yawa a ɗakin taron, an ɗauke su hoto a gaban shafukan da ya tsara, shi kuwa yana gefe yana naɗe waya. Abin ya daɗe yana damun wasunmu da muka yi aiki da shi, shi ya sa aka rubuta wannan.

Yana da wata ɗabi'a da sababbin ma'aikata ke yi wa dariya kafin su fahimce ta. Duk shafin da ya gama, sai ya haska shi a bango, ya taka har layin ƙarshe, ya zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa, ya cire tabarau. Idan ya iya karantawa daga nan, shafin ya ci jarrabawa. Idan sai ya ƙanƙance ido, to komawa zai yi ya rage kalmomi ya ƙara wa sauran girma, ko da mai shafin yana tsaye yana duba agogo.

Ba haka ya fara ba. Shi da bakinsa yake ba da labarin cewa lokacin da kwamfuta ta shigo hannunsa ya yi hauka da ita, haruffa na tashi sama suna juyi, launi bakwai a shafi ɗaya. Wata rana ya cusa jadawalin awon magani gaba ɗaya a shafi guda, layi kusan ashirin, aka koyar da ɗaliban jinya da shi. Wata ɗaliba da ke zaune a baya ta kwafi layin manya a gurbin na yara. Allah ya taimaka mai ba da magani ya gano kafin a kai ga majinyaci. Babu wanda ya tuhumi Baba, yarinyar aka yi wa faɗa, amma shi ya san inda laifin yake. Ya ce ya yi kwana uku abinci ba ya yi masa daɗi. Tun daga ranar ya koma kujerar baya.

Waɗanda suka ratsa ta hannunsa suna da labarai. Akwai wani matashin likita da ya zo masa da shafi sittin don bayanin minti goma sha biyar, yana taƙama bai bar komai a baya ba. Baba ya ba shi kujera, ya zuba masa shayi daga filas, ya roƙe shi ya rufe kwamfutar ya faɗa masa da baki abin da yake so mutane su tafi gida da shi. Likitan ya yi ta kame-kame, can ya faɗi jimla ɗaya. Baba ya ce to wannan ce za a gina wa gida, sauran baƙi ne, wanda ya samu wuri ya zauna. Da shafi tara likitan ya shiga taro, yana ƙunƙuni, ya fito baki har kunne. Yanzu shi ma babba ne, kuma an ce yana yi wa na ƙasa da shi irin wannan tambayar kamar shi ya ƙirƙiro ta.

A gida ma ba su tsira ba. 'Yarsa ta fari ta ce ko katin gayyata aka kawo, kafin Baba ya duba ranar sai ya fara cewa rubutun ya yi cunkoso. Kalandar falonsu sau biyu ana canza mata wuri saboda wai haske na dukanta ta baya. Mai ɗakinsa ta ce ta daina rubuta masa jerin cefane mai tsawo, don sai ya tambaye ta wanne ne babban saƙo a ciki.

Baba, kai ne mai gyara maganar wasu ka bar musu ladan. Kai ne ka koya wa masu digiri cewa bango ba littafi ba ne, kuma ka koya musu ba tare da ka ƙasƙantar da kowa ba. Mun sha ganin ka karɓi aikin da aka jefo maka saura awa ɗaya a fara taro, ba gaisuwa ba godiya, ka yi shi kamar na ɗan'uwanka.

Amma abin da ya sa ba za mu bari ka tafi shiru ba shi ne maganar ɗakin jarirai.

A bara ne aka gama sabon gini a can ƙarshen asibitin, mai faɗi, mai manyan tagogi. Kwamitin gudanarwa ya ga ya dace a mayar da ɗakin jarirai can, wato ɗakin da ake kwantar da jariran da suka zo da matsala. Ba mugunta ce ta sa su ba. Tsohon ɗakin ƙarami ne, gadaje sun matse, iyaye na tsayuwa a baranda. Sai dai yana manne da ɗakin haihuwa, taku goma sha ɗaya ne tsakaninsu. Babbar nas ɗin ɗakin, wadda kowa ke kira Sista, ta yi tsayin daka cewa sabon wurin ya yi nisa, jaririn da ya faɗo ba ya numfashi ba zai jira a ratsa asibiti da shi ba. Ta rubuta takarda, ta sake rubutawa, ta tari Babban Likita a hanya har ya fara canza baranda idan ya hango ta. A ƙarshe aka ce ta zo zaman kwamiti na gaba, an ba ta minti goma, daga nan za a yanke hukunci kuma ba za a sake buɗe maganar ba.

Saura kwana uku ta shigo wa Baba da shafi arba'in da bakwai. Sista mace ce mai zafi, mai gaskiya, wadda idan ta riƙe magana ba ta saki. Shekara biyu ta yi tana tara alƙaluma, kowane jariri da aka ɗauko da gudu daga ɗakin haihuwa ta rubuta shi, da lokacin da aka ɗauka, da yadda ya ƙare. Baba ya duba shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ya ga aiki na gaske, ya kuma ga cewa kafin ta kai shafi na takwas rabin kwamitin sun koma kan wayoyinsu. Ya san su sarai, shekara da shekaru yana kallon ƙeyarsu daga baya.

Ya tambaye ta ko ta taɓa auna nisan. Ta ce mita kaza ne, yana shafi na goma sha biyu. Ya ce ba wannan yake nufi ba, yana so ta ɗauko jaririn roba da ake koya wa ɗalibai, ta naɗe shi a tawul, su taka hanyar tare da irin saurin da za ta yi in da gaske ne.

Haka aka gan su da hantsi, Sista a gaba da tawul a ƙirji, Baba a bayanta da waya a hannu yana haki. Suka fita daga ɗakin haihuwa, suka bi doguwar baranda inda 'yan jinya ke shimfiɗa tabarmi, suka tura ƙofar nan mai nauyi da sai an sa kafaɗa, suka ratsa layin masu karɓar magani, suka sauka matakala tara, suka bi ta filin da babu rumfa, suka hau gangaren sabon gini. Minti huɗu da sakan goma. Suka sake yi sau biyu don kada a ce sun ƙara gishiri, bai sauka daga minti huɗu ba. A zagaye na ƙarshe Baba ya riƙa ɗaukar hoto ta saman kafaɗarta duk bayan 'yan taku, yadda gefen tawul ɗin zai fito a ƙasan kowane hoto. Ya kula bai ɗauki fuskar kowa ba.

Washegari ya nuna mata abin da ya haɗa. Hotunan hanyar ne a jere, ya saita su suna canza kansu daidai da lokacin da tafiyar ta ci, babu rubutu ko ɗaya sai agogo mai manyan lambobi a kusurwa yana ƙirga. Alƙalumanta kuwa ya tattara su a takarda biyu masu tsabta da za a raba bayan ta gama. Ya ce abin da yake so ta yi yayin da hotunan ke tafiya shi ne ta tsaya ta yi shiru.

Ran Sista ya ɓaci ƙwarai. Ta ce, "Baba, minti goma aka ba ni a duniya, kai kuma kana so in zubar da huɗu ina tsaye kamar gunki? Shekara biyu na yi ina tara wannan."

Ya bari ta sauke, sannan ya ce, "'Yata, wata nawa kika yi kina faɗa musu da nisa? Sun ji ki. Takawa ne ba su yi ba."

Ta kwashi takardunta ta fita ba sallama. Baba ya zauna yana sake duba hotunan. Ya san abin da yake nema a wurinta ba ƙarami ba ne, kuma ya san idan abin ya ƙi, shi zai koma gida ya ci tuwon fanshonsa, ita ce za ta riƙa gudu da 'ya'yan mutane a wannan hanyar. Da yamma ya ba mai ɗakinsa labari, ta ce masa tunda ya fara shakka ya shirya mata duka biyun ta zaɓa. Haka ya yi. Ya rage shafukanta arba'in da bakwai zuwa goma sha biyu masu kyau, ya ajiye su kusa da na hotunan. Da safen ranar taro Sista ta shigo, ta dubi duka biyun. Ta nuna na hotunan da yatsa, ta ce in ta ji kunya a gaban kwamiti, shi ma ba zai sha ba.

Ƙarfe goma kwamiti ya zauna, mutum tara, Babban Likita a tsakiya, Sakatare a damansa da littafin rubuta bayanan zama. Baba yana gefe a kan ɗan teburinsa. Sista ta miƙe ta gaishe su, ta ce su ƙaddara an haifi jariri yanzu a ɗakin haihuwa, ba ya numfashi, ga shi a hannunta, za su tafi sabon gini tare. Ta juya ta kalli bango. Baba ya danna maɓalli.

Sakan talatin na farko kowa ya zuba ido. Baranda, tabarmi, takalma a bakin hanya, gefen farin tawul. Da aka cika minti ɗaya wani ya gyara zama, wani ya yi tari. Hoton ƙofar nan mai nauyi ya tsaya sakan shida cur, don haka ta ci a zahiri. Baba bai taɓa sanin shiru yana da tsawo haka ba, shi da ya tsara shi da hannunsa. Ya saci kallon Sista, ya ga ta dunƙule hannu a bayanta, leɓenta na motsi kamar maganar na neman ƙwace mata.

Ana shiga minti na biyu Sakatare ya ajiye biro ya ce an gane, a wuce gaba, akwai sauran batutuwa. Babban Likita ya juyo ya dubi Baba, irin kallon da ke nufin a yi yadda aka ce. Yatsan Baba na kan maɓallin. Shekara ashirin da takwas ke nan a lokacin, duk wanda ya ce masa wuce sai ya wuce, koma sai ya koma, bai taɓa buɗe baki a zaman kwamiti ba. Tsoro ya kama shi, ya faɗa mana haka daga baya ba tare da kunya ba. Ya janye hannunsa daga kan na'urar ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Ba mu iso ba tukuna."

Hotunan suka ci gaba. Layin masu karɓar magani ya wuce, matakala tara suka wuce ɗaya bayan ɗaya, aka fito fili rana na dukan tawul. Wata dattijuwa a cikin kwamitin, wadda ta yi aikin unguwarzoma kafin ta hau kujera, ta sa hannu ta rufe bakinta. Shi kansa Sakatare idonsa ya koma kan agogon kusurwa ya kasa ɗaukewa. Da ƙofar sabon ɗakin ta bayyana, lambobin suka tsaya a kan huɗu da goma.

Shafi ɗaya ya rage. Hoto ne guda, an ɗauke shi daga bakin ɗakin haihuwa, ga ƙofar tsohon ɗakin jarirai nan ana hango ta, agogon ya nuna sakan tara. Sista ta juyo, ta ce ta san ɗakinta ya matse kuma ta san sabon ya fi shi kyau, amma a cikin shekara biyu sau ɗari da goma sha huɗu suka yi wannan gudun, bayanin kowanne yana cikin takardar da za a ba su. Ta ce ita dai ba ta san yadda za ta riƙe ɗan mutum minti huɗu ba ya numfashi ba. Ta zauna, da sauran minti uku a lokacinta ba ta taɓa su ba.

Ba a tafa ba, kuma ba a yanke hukunci a ranar ba. Babban Likita ya ce a ɗage batun, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Baba ya naɗe wayoyinsa yana tunanin ko ya jawo wa baiwar Allah asara, ya kuma jawo wa kansa takardar gargaɗi a shekararsa ta ƙarshe. Sista ta wuce shi ta fita. Sai bayan azahar wani mai gadi ya zo yana ba da labari cewa ya ga Babban Likita shi kaɗai, da agogo a hannu, yana sauri a baranda har yana tura ƙofa da kafaɗa.

Bayan mako biyu aka liƙa sanarwa. Ɗakin jarirai zai zauna inda yake, za a fasa bangon sito da ke jikinsa a faɗaɗa shi, ofisoshin ajiye takardu ne za su koma sabon gini. A bayanan zaman an yaba wa Sista da kyakkyawan bayani, kuma ta cancanta. Baba bai fito a ko'ina ba. Da aka nuna masa ya ce ai daidai ne, shi hotuna kawai ya jera.

A makon jiya Sista ta zo ɗakin taro ta ce ya taso. Ta kai shi bakin ɗakin jarirai, ta sa ya wanke hannu, ta ɗaura masa riga da takunkumi. Duk shekarun nan bai taɓa shiga ba, iyakarsa ƙofa. Ta tsayar da shi a gaban wani ɗan gado, inda wata jaririya ke barci da ƙaramin bututu a hanci, ƙirjinta na hawa yana sauka. Ta ce da safiyar nan aka haife ta, ta zo shiru, jikinta ya saki, aka ɗauko ta da gudu.

Baba ya tambaya a hankali, "Sakan nawa?"

Ta ce, "Ban duba ba, Baba. Kafin in tuna da agogo mun iso."

Ya daɗe yana kallon yarinyar. Sannan ya yi mata addu'ar Allah ya raya, ya fita baranda ya tsaya yana goge ido da bakin riga.

Baba, mun gode. Mun gode da shafukan da ka gyara ba a san kai ne ba, da haƙurin da ka yi da masu gaggawa, da ranar da ka ji tsoro amma ka janye hannunka. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya ƙara wa idanun nan lafiya, ya saka wa mai ɗakinka da alheri, ita da ta yi haƙurin zaman kishi da majigi. Ku kuma da za ku gaji teburinsa, da duk mai tsayawa gaban jama'a da shafuka a bayansa, ku yi koyi da shi: ku san abu ɗaya da kuke so a tafi da shi, ku taka hanyar da ƙafarku kafin ku haska ta a bango, kuma idan gaskiya na buƙatar lokaci kada ku yanke ta don wani ya ƙosa.

An sallami jaririyar shekaranjiya. Uwarta ta wuce ta gaban ɗakin taro da ita a kafaɗa, ta ga wani dattijo a bakin ƙofa ta gaishe shi kamar yadda ake gaida kowane dattijo. Ya amsa, ya tambaye ta ya mai jiki, ta ce da sauƙi, ta wuce abinta.